Ragon Layya Na Je Nema

Ummata,

Ina gaishe ki. Ya ciwon gwiwa? Ya mutanen Ta'iz?

Yaya Arwa ta ce kin ji a rediyo gwamnati ta saka ni cikin fursunonin da aka saki suka koma yaƙi, har kin daina cin abinci. Umma, ƙauye na fita daga nan birnin Montevideo neman ragon layya, inda waya ba ta kamawa. Jami'an gwamnatin sun kira ba su same ni ba, shi ke nan. Na ce su gyara labarin, wai suna bincike.

Lafiyata ƙalau, sai 'yar rawar hannun nan tun kurkuku. Tsoho Anselmo mai ragon ne ya riƙe min hannu na yanka, yana dariya: "Kai ne mayaƙin?"

Wanda wuƙa ta gagara, ina shi ina bindiga?

Don Allah ki ci abinci.

Ɗanki,
Hizam