Maigidana Ya Shiga Ƙwallo, Tukunyata Ta Shiga Uku

Anti Fadila, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Maigidana, Baban Ihsan, dillalin albasa ne. Shekarun baya ya yi hatsarin babur a hanyar Aliero, aka yanke masa ƙafar hagu. Daga nan ya zauna gida, ba fira ba dariya. Ni kuwa abin da na iya shi ne girki, sai na yi ta ɗura masa tuwo da man shanu har ya ajiye tumbi.

Ana nan wani abokinsa na Maiyama ya ja shi ƙungiyar ƙwallon masu ƙafa ɗaya, waɗanda ke gudu da sandunan dogarawa. Ranar farko kocinsu ya dubi cikinsa ya ce wai hannu biyu ba za su ɗauki buhu su yi gudu ba. Tun ranar ban huta ba. Tuwo malmala ɗaya yake ci. Jarkokin ruwana sun zama abin ɗagawa. Da safe kajina yake bi a tsakar gida, wai yana koyon saurin juyawa, har sun daina ƙwai. Shekaranjiya ya tsaya da ƙafa ɗaya ya rufe ido, wai gwajin tsayuwa, ya faɗa kan randata, ta fashe.

Abin da ya fi ci mini rai, surukata ta zo daga Fagada ta ga ya rame, yanzu dangi na cewa ina horar mata da ɗa da yunwa. Gaskiya dai ya dawo da dariyarsa, har waƙa yake a banɗaki. Amma sunana fa? In hana shi ne?

Matar ɗan ƙwallo, Jega Firchin

'Yar'uwa, kada ki hana shi. Kocin bai iya magana ba, amma ya faɗi gaskiya: mai gudu da sanduna, kafaɗa da damtse da ƙugu ke ɗauke da shi, duk ƙibar da ta ƙaru su za ta gajiyar. Sai dai ɗan wasa ba da yunwa yake ƙarfi ba. Ki rage mai, ki ƙara wake da kifi da nono da zogale. Girkinki bai rasa aiki ba, sauya shi za ki yi.

Ke ma kina da haƙƙi. Tsakar gida ba fili ba ce. Ki gaya masa cikin raha ya kai atisayensa waje, ya kuma sayo randa.

Surukarki kuwa tsoro ne ke damunta, ta taɓa ganin ɗanta a gadon asibiti. Kada ki yi musu da ita. Ranar da za su buga wasa, ki ɗauke ta ku tafi tare, ki samar mata wuri a gaba. Uwar da ta ga ɗanta ya zura ƙwallo jama'a na kiran sunansa, ke za ki riƙa janye ta daga cikin fili.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya bar ku tare.

Anti Fadila