Rabin Maganata Suka Sa a Rediyo

Hayin Banki, Kaduna
Satumba, 1990

Zuwa ga aminina Ɗanjuma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya gwiwar nan taka? Rabona da aiko maka takarda tun shekarar da soja suka canja launin kuɗi. Mai rubutun wasiƙa na bakin gidan waya nake faɗa wa, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Ka ji an tura sojojinmu Laberiya. A majalisarmu gardama har ta hana wasu gaisawa. Malam Bello ya ce wajibi ne, tunda ana kashe 'yan ƙasarmu a can. Wasu suka ce rigimar gidan wani ce. Ni na ce ban sani ba, domin mu ma da aka kwashe mu zuwa Burma a yaƙin duniya, ba wanda ya gaya mana dalili.

Sai ga mutanen gwamnati da rakoda, wai tsohon soja suke nema. Na ba su labari tsaf: zawo, matsattsaku, da yadda ni da kai muka binne abokinmu Maliki a cikin laka. Da za su tafi suka ce in yi kirarina na soja. Ka san ni da kirari. Na miƙe na zuba.

Ɗanjuma, kirarin kaɗai suka sa a rediyo, da ganga a bayansa, safe da yamma. Abin kunyar, daɗi na ji. A masallaci ana matsa mini in shiga sahun gaba, ban buɗe baki na ce an yanke sauran maganar ba.

Jiya Mero maƙwabciyata, wadda mijinta ya rasu, ta shigo ta durƙusa. Ɗanta tilo, Tukur, ya rufe keken ɗinkinsa ya shiga soja, gobe zai tafi horo Zariya. Ya ce mata muryar Baba Datti ce, wato tawa, ta tsuma shi. Ba ta zage ni ba. Roƙona ta yi in sa masa albarka. Na kasa kallon idonta.

Ko yaƙin nan daidai ne, Allah masani. Amma yaron rabin magana ya ji.

Gobe da sassafe zan riga shi zuwa tashar Kawo, in kama kujera kusa da shi, in faɗa masa duka. In ya ji ya ce sai ya tafi, sannan in sa albarkar. Ko direba ya sauke ni a Katabu don surutu, sauran ta taga zan ƙarasa.

Ka gaida yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Datti