Addu'ar Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Saloma, Zuru.

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Rachael da yara. Har yanzu babu sabis a ƙauyen nan na bayan Sakaba, shi ya sa na ba Lawwali mai mashin wannan takarda, tunda yana shigowa Zuru ranar kasuwa.

Yaya, abin ya matso. Makon jiya 'yan bindiga sun shiga ƙauyen da ke ƙetaren rafi, suka kore shanu, suka tafi da mutane. Rabin ikilisiyata sun kwashe kaya sun yi Dirin Daji. Saura tsofaffi da waɗanda ba su da wurin zuwa. Matata Joyce ta ce mu tashi, ko don yara. Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba.

Kin tuna ranar da ikilisiyarmu ta aiko ni nan aikin bishara, dattawa suka ɗora mini hannu, aka yi alkawari duk Laraba da la'asar za a yi mini addu'a da sunana. Tun daga ranar, in lokacin ya yi nakan shiga ɗaki in durƙusa, don addu'armu ta haɗu. Abin da ya riƙe ni a nan ke nan. Ki kai maganata gaban 'yan addu'ar Laraba, su roƙi Ubangiji, ki rubuto mini abin da suka ce: in zauna ko in tashi.

Ƙanenki,
Michael

Zuwa ga Michael,

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Muna lafiya. Har yanzu rubutunka kamar kaza ta yi tono, sai da Rachael ta taya ni karantawa.

Da ka ga cocinmu yanzu ba za ka gane shi ba. An sa tayil har bakin ƙofa, an sayi sabon janareta, 'yan kwaya masu waƙa sun samu piyano. Zumuntar Mata mun fitar da sabon zane na babban taro, ruwan goro, bai yi wa kowa kyau ba amma duk mun saya. Na ba Lawwali gishiri da sabulu da maganin zazzaɓi. Ku riƙa kwana da takalma kusa.

Ka gaida Joyce da yara. Allah ya tsare.

Yayarka,
Saloma

Zuwa ga Yaya Saloma,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Kaya sun iso, mun gode ƙwarai. Na juya takardarki gaba da baya, ban ga amsar tambayata ba. Me 'yan Laraba suka ce? Baba Philip, da ba ya gama addu'a sai ya jiƙa riga da hawaye, me ya ce? Joyce ta ɗaure kaya, suna nan a bakin ƙofa. Na ce mata mu jira maganar ikilisiya.

Ƙanenki,
Michael

Michael,

Ina gaisuwa. Tunda ka matsa, to ga shi.

Babu addu'ar Laraba. Ta mutu tun kafin daminar bara. Ba faɗa aka yi ba, ba kuma wanda ya tashi ya ce a daina. Da muna cika ɗaki, muka koma benci biyu, muka koma benci ɗaya. Baba Philip ya makance, babu mai jan sandarsa zuwa coci. Wata Laraba na je na tarar ni kaɗai ce, na share ɗakin, na koma shago. Ta gaba ban je ba, kuma ba wanda ya tambaye ni dalili. Yanzu a ɗakin ake ajiye kujerun roba da rumfunan da muke ba da haya.

Ran Lahadi Fasto ya yi wa'azi a kan ikilisiyar nan ta cikin Littafi Mai Tsarki, wadda ƙaunarta ta farko ta yi sanyi, aka ce ta tuna inda ta faɗo ta tuba. Ya yi gumi sosai, mai piyano yana bin sa a hankali. Muka ce amin. Da aka zo sanarwa na nemi izini na karanta takardarka, tsakanin maganar cikon tayil da ta wani aure. Mutane suka ce Allah ya kiyaye. Da aka tashi wata ta tare ni a bakin ƙofa, na ɗauka labarinka za ta tambaya, sai ta ce, “Mama Rachael, wai dawa ta yi araha can wajen su?”

Na tsaya ina jira in ji kunya, ko hawaye ya zo. Ban ji komai ba, Michael. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an tsungule ta ba ta sani ba. Ina zuwa coci, ina ba da baikon kuɗi ran Lahadi, ina buga tulu lokacin waƙa a Zumunta, amma na manta rabon da in yi magana da Allah in san da wani nake magana.

Ikilisiya ba ta da amsar da za ta ba ka. Tawa ta yaya ce kawai: ka kwaso iyalinka ka dawo gida.

Saloma

Zuwa ga Yaya Saloma,

Salama a gare ki. Ga Joyce da yara nan tare da Lawwali, ki ba su ɗakin baya. Ni na zauna.

Ran Laraba na shiga ɗaki na kasa durƙusawa. Na fito na tara tsofaffina a gindin mangwaro, na faɗa musu gaskiya, babu mai yi mana addu'a a Zuru. Sai Kaka Magdalene, wadda aka tafi da ɗanta a harin rafi, ta ce, “To ai su ne cikin hatsari, Malam, ba mu ba.” Ta ce daga yau Larabarmu taku ce, kuma in rubuto ki aiko da sunayen waɗanda suka yi sanyi, don ita ba ta addu'a a dunƙule.

Na ce mata sunayen za su yi yawa. Ta ce a fara da naki.

Ƙanenki,
Michael