Wa Ya Ƙetare Bindigar Ɗangoma?

Litinin, 3 ga Nuwamba 2025

Na kuskure dila. Na rubuta a nan ne don kaye, littafin rubutun nan nawa, ba ya dariya. Da hantsi, taki arba'in, yana tsaye bakin gonar wake da zabuwar matata Husaina a baki, har ya juyo ya dube ni. Ni Ɗangoma, shekara ashirin da takwas a aikin gandun daji, wanda duk ƙasar Kurfai ke kira Sau-ɗaya don ba na maimaita harbi. Na ja sakata na sake ɗanawa. Na biyun ma ya bi iska.

Zabuwa ta huɗu ke nan. Husaina ta ƙirga sauran da ƙarfi.

Talata, 4 ga Nuwamba

Abin da ya ɓata lamarin, a zamanin nan ba a harbi sai an gaya wa maigari, ya buga wa jandarma waya, a yi shela kada mutane su ji ƙara su ruga daji. Don haka duk gari ya kasa kunne, kuma duk gari ya ji biyu.

Da na isa gindin gawo, taubashina Baƙo ne ya tare ni: "Sau-biyu, an tashi lahiya?" Ya ce tun tuni ya faɗa mini, doguwar bindiga mai cin harsashin fistole, 'yar bindigar hannu, "raƙumi na wanda anka saba ma tsabar kaji." Baƙo fa! Mutumin da ke riƙe da harba-ka-ruga ta kakansa, wadda in ya harba sai kowa ya shafa jikinsa, har shi.

Zakari tela, da muka sayi bindiga karabin iri ɗaya muka yi takardunta rana ɗaya, ya tsaya mini. Ya ce irin tamu ba ta da hayaniya, ba ta dukan kafaɗa, kuma ƙasa ga taki ɗari ba ta ƙarya, sai bayan ɗari harsashin ke yin ruku'u. Na ji daɗi, har ya tambaya taki nawa ne. Na ce akwai iska.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na warware bindigar, na goge, na shafa mai. Ba ta da laifin komai. Masu yin kaye ma sun fara rowar tawada, layukan da ƙyar ake ganinsu.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na gano! Ranar Lahadi na shimfiɗa bindigar a tabarma bakin ƙofa, Husaina ta fito da tsintsiya ta ƙetare ta. Ƙafar dama, na tuna sarai. Kowane maharbi ya sani, tun kakanni, mace ta ƙetare bindiga ta ɗaure mata baki. A da ina ce wa wannan zancen tsofaffi, amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Na faɗa a gindin gawo. Nan take har Baƙo ya gyaɗa kai. Na dawo gida da sunana a aljihu.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Magana zarar bunu. Matan rijiya sun sa wa Husaina suna Ƙetare. Wai wata ta janye guganta daga hanya, ta ce kada a ɗaure mata shi ya daina ɗebo ruwa. Wata ta hana ta tsallaka tabaryarta.

Husaina ta kawo tuwo, ta durƙusa har ƙasa, abin da ta daina tun haihuwar fari. "Ga abinci, ranka shi daɗe. In bi ta ina in hita? Kak in ƙetare wani abu." Ta zagaye takalmina, ta zagaye buta. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kirana ranka ya daɗe ba. Da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tuwon ma ba gishiri a miya.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Na kai bindigar wurin Tanne mai bori, ta bayan gari, na naɗe ta cikin buhu kamar mai kai rake. In liman ya ji, zan ce gaisuwa na je. Ta turara ta da hayaƙi, ta ɗaura mata jan zare a wuya, ta yi atishawa uku, ta ce an kwance. Ta karɓi jan zakara. Da zan fita ta ce, "Ɗangoma, ƙohwa na nan hagunka, wancan rumbu na."

Bukkar tata duhu gare ta.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

An sake shela, na sake kwanto. Na ga dila a maƙe gindin kalgo, na saita, na harba sau ɗaya, ya tarwatse. Na yi kabbara.

Gora ce. Gorar furar Baƙo, da ya ajiye a inuwa yana tattara harawa. Yanzu yana yawo da wuyanta a rataye, yana nuna wa mutane yana cewa ya shaida bindigar ta warke, don furar ko motsi ba ta sake yi ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Zakari ya ce in ba shi ya gwada. Gwangwanin tumatir a kan kututture, taki hamsin. Tau! Ya faɗi. Ya sake, ya sake faɗuwa. Ya miƙo mini ita a hankali, bai dube ni ba. Na bayyana musu cewa ɗaurin tsakanin bindiga ne da mai ita, baƙon hannu ba ya ciki. Baƙo ya ce wannan ilimi mai zurfi ne, a rubuta kada ya ɓata.

An tsayar da rana: Juma'a ta sama, bayan masallaci, in harbi gwangwanin gaban jama'a. In na samu, ni ne Sau-ɗaya. In na kuskure, Baƙo ya ce zai kai bindigar a yi wa ƙofar garkensa sakata da ita, tun da dama sakata gare ta.

Gaskiya ban ga gwangwanin ba. Na ga inda suke nunawa.

Talata, 18 ga Nuwamba

Ban san Husaina ta daina zuwa rijiya da safe ba sai yau. Sai rana ta take, mata sun watse, take zuwa ita kaɗai. Ta dawo gumi na zuba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san da wa zan yi faɗa ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Husaina ta ce idonta na mata ciwo, in raka ta Filinge wurin likitan ido. Wannan ce doguwar maganarta ta farko cikin kwana goma, don haka na sa babbar riga.

Likitan, wata yarinya sa'ar 'yarmu Ummul, ta zaunar da ita, ta nuna allo a bango. Husaina ta ce, "Ni ban yi lakwal ba, ɗiyata. Maigida na da boko, bari shi karanta mini in maimaita." Na gyara zama. Na ce harafin farko A ne, na biyun kuma lamba takwas.

Likita ta yi tari. Ta ce babu harafi ko ɗaya a wannan allon, na waɗanda ba su yi karatu ba ne, hotuna ne. Na farkon bukka, na biyun agwagwa. Husaina ta karanto su duka har layin ƙasa, har da wata 'yar tukunya da ni ban san akwai ta ba.

A mota na ce ina ciwon idon nata. Ta ce ya yi sauƙi, Allah ya amfana.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Tabarau da likita ta rubuta mini ya zo daga Yamai. Na karatu ne kawai. Na gwada a ɗaki, ƙofa a rufe. Ashe layukan kaye suna nan, ashe bangon ɗakina ya tsage, ashe kalandar da nake dubawa ta bara ce.

Na leƙa ta taga. Husaina na tankaɗe. Furfura ta fito mata gefen ɗankwali, ban san yaushe ba. Ta rame kuma.

In na sa shi ranar Juma'a zan samu gwangwanin, amma kowa zai san ba ɗauri ba ne, tsufa ne, kuma ƙarya na yi wa matata. In na bar shi a aljihu na kuskure, sai a ce ɗaurin Husaina ne ya yi ƙarfi. Ta nan sunana bai mutu duka ba. Na daɗe ina juya wannan, kuma na ji kunyar daɗewar.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Jama'a ta taru a fili bayan gidana, har mata a bakin darni. Na shimfiɗa bindigar a ƙasa, na tsinke jan zaren Tanne, na aika a kira Husaina. Na ce, "Uwar Ummul, ƙetare ta." Ta dube ni. Na ce ta ƙetare, da ƙafar dama. Ta tattare zani ta ƙetare, ta juyo ta sake ƙetarewa, ta ce ta biyun gyara ce.

Sannan na ciro tabarau na sa. Baƙo ya yi ihu, "Ido huɗu! Jama'a, ashe ga inda ɗaurin yake!" Aka yi ta dariya, na bar su suka gama. Na saita. Tau! Gwangwanin ya faɗi. Sau ɗaya.

Ba wanda ya kira ni Sau-ɗaya. Kafin la'asar har jikokin liman na cewa Ido-huɗu, kuma na san wannan sunan da shi za a binne ni. Zakari ya ce shi dai bindigar aka wanke, ya gode. Dila yana nan, jiya ma ya ɗauki ta shida.

Ban ba Husaina haƙuri ba, ba a yi haka da ni ba. Na dai ɗauki jarka biyu na ce gobe da safe zan bi ta rijiya, ina da abin dubawa ta wajen. Ta ce, "To, Ido-huɗu, ka kula da ƙohwa."

Miyar yau da gishiri.