Goron da Na Karɓa Saboda Zuhura

Zongon Lome, watan Rajab, 1934

Zuwa ga Yaya Abdulwahidu. Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ina su Mariama da yara?

Muna lafiya. Makarantar allo tana tafiya, Faransawa ba su dame mu ba. Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai.

Cikin ƙananan ɗalibaina akwai Zuhura, 'yar shekara biyar. Wata uku ina biya mata karatu tana kallona kawai. Na ɗauka taurin kai ne, har na sa mata bulala sau biyu.

Ran nan tasa ta suɓuce wa matata Sa'adiyya a bayan yaran. Duk suka zabura, ban da Zuhura. Sa'adiyya ta ce, "Malam, yarinyar nan ba ta ji sosai."

Ita ta ɗebo yashin bakin teku a faifai, tana jan yatsan yarinyar suna zana harafi. Takan ɗora hannun Zuhura a maƙogwaronta ta furta shi. Yanzu Zuhura ta san haruffan ba, sin da mim.

Jiya mahaifinta ya kawo mini goro, yana cewa ba malami kamata a Zongo. Na karɓa, Yaya. Ban ambaci bulalar ba, ban ambaci Sa'adiyya ba.

Ranar Juma'a zan je in faɗa masa gaskiya. Ka roƙi Inna ta yi mini addu'a kada in fasa.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninka, Salahu