Gudu Ba Mai Kora

Maamobi, Accra, 1986

Zuwa ga Yaya Sumaila,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya yara? Ka ce wa Ishawu kada ya saki lissafi, zan tambaya.

Wasiƙarka ta iso. Yaya, ban haukace ba, kada ka turo a ɗauko ni. Gaskiya ne bayan asuba nakan yi gudu har unguwar Nima ba mai korata. Likita ne ya sa ni, don koyarwa a makarantu biyu da kukan tagwaye sun ɗan tayar mini da jini. Sau ɗaya kawai na faɗi a aji. Yanzu ina samun barci, ɗalibaina ma suna bina gudun.

Amma wa ke kai maka labarina? Da na zargi Mahama direban goro, sai na ga ka ambaci maganin da ke ƙarƙashin matashina. Mahama bai taɓa shiga ɗakina ba. Na tsare matata Adiza da tambaya, tana goye da ɗaya tana shayar da ɗayan. Ta ce, "Malam, kai ka samu wajen gudu. Ni fa?"

Ashe ita ce ke kai maka labarin. Inna ta sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Mumuni