Kwalaben Barend

Litinin, 9 ga Janairu, 2023

An sallamo shi daga asibiti yau. Ɓarin dama duk ya shanye, baki ya karkace, magana sai kalma ɗaya-ɗaya, ita ma sai an kasa kunne. Likita ta ce ban da giya ko ɗigo, saboda magungunan. Sai da na ciji leɓe don kada in yi dariya a gabanta. Barend, mijina, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haɗa wa masu babbar gonar da ke sama da mu jar giya, ya kuma jibge tasa ta kansa a ƙarƙashin gidan nan har babu wurin sa ƙafa.

'Yarmu Ronelle ce ta tuƙo mu gida. Muna shiga bai dubi gadon da muka kawo masa falo ba, bai dubi 'yarsa ba, balle ni. Ƙofar ɗakin ƙasa ya zuba wa ido.

Laraba, 11 ga Janairu

Zafi. An ɗauke wuta tun safe. Na yi masa wanka, na canza zanin gado, na dama masa kabewa da man shanu. Ya tofar.

Asabar, 14 ga Janairu

Na ciro mabuɗin ɗakin ƙasa daga aljihun wandonsa na aiki, na sauka. Ban taɓa shiga ni kaɗai ba, a gidana.

Sanyi, da warin ƙasa. Ga kwalaben nan kwance jere-jere, kowace da shekararta da farin alli. Duk daga 'yan kunyoyin inabin nan na bayan gida, waɗanda ni ma na yi wa aski, na tsinka, na ɗauko a kwando har bayana ya lalace. Amma sha? Sai dai wadda ya ce ba ta da makoma. Masu kyau kullum ba su nuna ba. Ranar bikin Ronelle na roƙe shi ya fito da ta shekarar haihuwarta, ya ce a ƙara mata lokaci, aka sha ta kanti. Ranar da aka binne mahaifiyata ma haka. Da na cika sittin ya sauka, ya daɗe, ya hau da hannu wofi yana cewa, "Dalene, zunubi ne a tashe ta yanzu."

Na ɗauko ta 1991 ɗin, ta shekarar haihuwar Ronelle. Matoshin ya marmashe a hannuna. Da na tsiyaya, launin shayin da ya kwana. Babu sauran inabi a cikinta, sai tsami siriri da warin tsohuwar hula. Ta mutu, kuma ba jiya ba.

Na kai masa kofin, na ɗaga a hasken taga. Na ce ga giyar bikin 'yarka, ta gaji da jiranka. Ya duba launin, ya juya fuska bango.

Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Wannan ma laifinsa ne.

Lahadi, 15 ga Janairu

Matan coci sun ce ba su taɓa ganin mai haƙuri irina ba. Sun kawo kek. Da sun san abin da ke raina.

Alhamis, 19 ga Janairu

Na buɗe ta 2020 don in kama shi da ƙarya. Baƙa ƙirin, ko haske ba ya ratsa ta. Ƙamshin baƙaƙen 'ya'yan itace da sabon katako, kamar za ta yi daɗi. Kurɓa ɗaya bauri ya kama min dasashi, harshe ya bushe kamar na lashi bargo. To, wannan kam ba ta yi ba. Na juye ta a tukunyar naman rago. Ba zan gaya masa ba.

Lahadi, 22 ga Janairu

Ta 2009.

Ban san yadda zan rubuta ba. Tsakiyarta ja mai duhu, gefe ya fara komawa launin bulo. Da farko ba ta ce komai ba, har na yi tsaki na tafi juya dankali. Da na dawo kicin duk ya ɗauka. Busasshen ɓaure, ganyen taba irin na akwatin kakana, fiƙar fensir, sai can ƙasa ƙamshin gona bayan ruwan farko. Baurin nan ya kwanta, ya yi laushi, bai tafi ba dai. Na haɗiye, ta zauna a maƙogwaro ta ƙi tafiya.

Na tsaya a gaban tukunya ina hawaye don haushi. Ashe wannan ke kwance a ƙarƙashin ƙafata ina shan ruwan kanti. Ashe ya iya. Da bai iya ba da na yafe masa tuntuni.

Na zauna a gabansa da abincin rana na sha, sannu a hankali, yana kallo. Sannan na kai masa kofin hanci. Ya lumshe ido ya gyaɗa kai. Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka ba lambar yabo.

Laraba, 25 ga Janairu

Lourens, ƙaninsa, ya zo dubiya da ƙatuwar kankana. Bai gama zama ba ya fara. Wai ya ji labari a gari cewa matar yaya ta zama mashayiya da tsufanta. Na ce aƙalla ni ina shan abin da na noma, ba kamar wani da ke bin gidajen makoki da kofi a aljihu ba. Ya yi dariya har da tari. Daga nan ya sassauta murya, wai tunda ouboet, haka yake kiran yayan nasa, ba zai ƙara sha ba, gara ya kwashe kwalaben zuwa gidansa kafin zafin nan ya dafa su. A gaban Barend ya faɗa, kamar yana magana a kan kujera.

Na ce, "Lourens, yayanka bai mutu ba, kuma kunnensa bai shanye ba. Ɗauki hularka."

Ya bar kankanar dai.

Talata, 31 ga Janairu

Iskar kudu ta hana kowa sukuni. Tsuntsaye sun sauka a kan inabi. Su ci.

Juma'a, 3 ga Fabrairu

Na fita shanya, ban daɗe ba. Na dawo na tarar da keken guragunsa a kife, shi kuma a ƙasa bakin ƙofar ɗakin ƙasa, goshi ya fashe, hannun hagu riƙe da mariƙin ƙofa. Saura kaɗan ya gangara matakala. Na ɗaga shi da ƙyar ina zaginsa, duk zagin da na sani, har wanda ban san na sani ba. Shi kuwa abu ɗaya yake ta maimaitawa, sai daga baya na gane: "Zafi. Zafi." Ba goshinsa yake nufi ba. Wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗakin kwalaben ta tsaya.

Ni da nake goge masa kashi bai taɓa tambaya ko ina jin zafi ba.

Asabar, 4 ga Fabrairu

Ronelle ta ga ɗinkin goshin, ta ja ni waje. Ta riga ta je ta duba wani gidan kula da tsofaffi a Strand, wai ana hango teku daga ɗaki. Ta ce ko dai haka, ko a kwashe kwalaben nan a toshe ƙofar da bulo, don muddin suna nan zai sake. Ta ce, "Ma, dubi yadda kika rame. Zai kashe kansa, ya tafi da ke."

Ban ce a'a ba. Na ce zan yi tunani. Na kuma yi, har na ga kaina ina barci har rana ta fito, babu mai buga cokali a jikin gado yana kirana.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Ta 2003 da rana. Busasshen nama, kanumfari, ɗan zaƙi kamar zabibi. Ta fara gangarowa amma tana tsaye da ƙafarta, irin tsohuwar da ba ta yarda a riƙe mata hannu. Na kai masa hanci, ya gyaɗa. Na ce kada ka yi murna, da an sha ta shekarun baya da ta fi haka.

Talata, 14 ga Fabrairu

Wata ta 2009 ɗin. Launi lafiya lau, kamar 'yar'uwarta. Amma ina kai hanci na ji warin jiƙaƙƙen kwali, funfuna, tsumman kicin da aka manta a bokiti. Matoshi ne ya ɓata ta. Shi ya koya min wannan tun muna saurayi da budurwa; daga bakin ƙofa yake gane irinta, ya taɓa sa an mayar da kwalba a gidan cin abinci a Stellenbosch ina jin kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Na kai masa don mugunta, in ga ya yamutsa fuska.

Ya shaƙa. Ya lumshe ido. Ya gyaɗa kai.

Na tsaya riƙe da kofin. Na ce sake. Ya sake shaƙa, ya sake gyaɗawa, har da ɗan murmushin nan na ɓari ɗaya. Sai ya dubi fuskata, murmushin ya tafi.

Madarar da ta ƙone makon jiya, hayaƙi har falo, bai buga cokali ba. Abincin da yake tofarwa. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin ɗanɗano. Tun daga asibiti ba ya jin komai, yana ta yi min wasan kwaikwayo, ni kuma ina ta kai masa kofi hanci kamar mai ba kare ƙashi ta janye.

Na ce me ya hana ka faɗa. Ya ɗaga kafaɗar da ke motsi.

Laraba, 15 ga Fabrairu

Ban buɗe komai ba.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

Ina ba shi abinci ya nuna ƙasa da yatsa, ya nuna bakina. Na yi kamar ban gane ba. Ya yi ta buga cokali har na tashi. Na ɗauko ta 2015.

Na sha, yana kallon bakina. Ya ce, "Faɗi." Na ce tana da daɗi. Ya yi tsaki, tsaki sosai, karkataccen bakin nan ya iya wannan. Sai na ce to, baƙar ceri, ganyen na'ana'a kaɗan, hayaƙi. Ya girgiza kai, ya yi ta kokawa da wata kalma har miyau ya zubo, na goge. "Jira." Wai in bar ta ta sha iska. Daga kan gadon jinya ma jira. Na ce da kai da jiran ku tafi can.

Na bar ta dai, don na shiga wanki. Da yamma hayaƙin ya washe, wani ƙamshi kamar fure ya fito, bauri ya sassauta. Na gaya masa. Ya ɗaga gira. Na tsani girar nan.

Asabar, 25 ga Fabrairu

Ronelle ta zo da takardun gidan Strand. Na ce ta mayar. Ta ce ai Ma kin ce za ki yi tunani. Na ce na yi. Muka yi ta yi a kicin ƙasa-ƙasa don kada ya ji, ta ce taurin kaina ya fi nasa, na ce a wurinsa na koya, ita kuma gado ta yi. Ta yi kuka, ta tafi ba ta ci abinci ba. Na sa an kafa ƙyaure mai kwaɗo a saman matakala, mabuɗi a wuyana. Iyakar abin da zan yi ke nan.

Ba tausayi ba ne. Ba zan bari ya je ya zauna yana kallon teku a huce ba, ni ya bar ni da wannan rami cike da kwalabe.

Laraba, 8 ga Maris

Na kira Lourens ya zo da mutanensa suka tsinke abin da tsuntsaye suka rage. Ya tambaya wa zai haɗa. Na ce ba ruwansa. Ya ce wa zai sha, nan da shekara goma sha? Na ce ba shi ba dai.

Ni na matse inabin, hannuwana sun yi baƙi har gwiwa. Barend yana daga bakin ƙofa yana buga cokali duk lokacin da na yi ba daidai ba. Ya buga da yawa.

Lahadi, 2 ga Afrilu

An fara sanyi da safe. Yau da kansa ya zaɓa. Ya rubuta 88 da yatsa a kan bargo. Na neme ta har na gaji, tana can ƙurya ita kaɗai, ƙura ta rufe ta. Giyarsa ta farko, ta shekarar da muka yi aure. Ban ma san akwai saura ba.

Na buɗe a kicin. Na sani tun kafin in kai hanci. Ruwan ƙasa-ƙasa, laka a gindi, tsami da ƙura. Ita ma ta mutu, babu kowa a ciki.

Na zuba a kofin shayi na tangaran, wai don gilasan duk suna cikin wanki. Na zauna a bakin gadonsa na kurɓa, na haɗiye ban yamutsa fuska ba. Ya ce, "Faɗi."

Na ce ɓaure. Na ce tsohuwar fata mai laushi, naman kaza, ganyen da ya zube a gindin itace bayan ruwa. Na ce ta yi siriri amma tana nan, kuma tana daɗewa a baki. Ban san daga ina nake samo su ba.

Ya miƙo hannun hagu ya karkato kofin, ya leƙa ciki. Ya daɗe yana kallo. Sannan kafaɗarsa ta fara rawa, na zaci shaƙewa ya yi, ashe dariya ce.

"Maƙaryaciya," in ji shi. Kalma mafi tsawo da ya faɗa tun Janairu, kuma ta fita tsaf.

Na ce to shi ke nan, bari in zubar. Ya riƙe min hannu.

"Ci gaba."

Har yanzu ina jin haushinsa, kada a yi zaton wani abu. Na dai ci gaba. Na shanye kofin ma.